Malam Aminu Kano (1920–1983): Daga Zauren Karatu Zuwa Dandalin Wasan Kwaikwayo

Duk wanda aka ambata wa sunan Malam Aminu Kano, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne siyasa, wato jam'iyyar NEPU da ta PRP, da fafutukar ƙwato wa talaka 'yancinsa. Wannan haka yake, kuma an yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa. Sai dai akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ya fi shafar ɗalibin Hausa da ke shirin zama malami. Tun kafin a san shi a fagen siyasa, Malam Aminu marubucin wasan kwaikwayo ne kuma mai shirya shi, a zamanin da ba a tsammanin ɗan gidan malamai zai tsaya gaban jama'a ya ba su dariya. A garin Kaduna ya fara wannan aiki, yana ɗalibi ɗan ƙasa da shekara 20.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa da ke cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafulatani ne daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci, kuma shi kansa mufuti ne a kotun Alƙalin Kano. Mahaifiyarsa Rakiya, wadda ake yi wa laƙabi da Mambayya, ita ma mai ilimi ce, kuma a wurinta ya fara karatun allo. Ta rasu a 1926 yana ɗan shekara shida. Ke nan ya buɗi ido ne a gidan da littafi da tawada da shari'a suka zama abin hira na yau da kullum, gidan da ake renon yaro da kamun kai da taka-tsantsan wajen magana da dariya a bainar jama'a, domin ana sa ran wata rana shi ma ya zauna a kan buzu ya karantar ko ya yanke hukunci.

A 1930 aka sa shi makarantar elementare ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano a 1933. A Midil ne aka fara ganin alamun halinsa, domin yana cikin jagororin wani yajin da ɗalibai suka yi saboda ƙarancin abinci da sauran kayan buƙata. Duk da haka karatunsa bai raunana ba. A 1937 ya sami gurbi a babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, aka kuma mayar da ita Kaduna a 1938, ta koma ana kiranta Kwalejin Kaduna. Ita ce aka sake ɗauka zuwa Zariya a 1949, wadda a yau aka sani da Kwalejin Barewa.

Matsayin ɗan wasa a wancan zamani

Ba za a gane nauyin abin da Aminu ya yi a Kaduna ba sai an san yadda al'ummar da ya fito daga cikinta take kallon mai wasa. Hausawa ba baƙin kwaikwayo ba ne. Akwai tashe da yara da samari ke yi a watan azumi, akwai wasan kalankuwa da matasan karkara ke yi bayan kaka, inda suke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu, akwai kuma wasan gauta da matan fada ke yi, suna kwaikwayon sarki da fadawansa a kan idonsu. Amma waɗannan duk wasanni ne na lokaci, ana gamawa kowa ya koma harkarsa. Waɗanda suka riƙi ba da nishaɗi a matsayin sana'a, irin su 'yan kama da 'yan gambara da maroƙa, ana jin daɗinsu, ana yi musu kyauta, amma a tsarin zaman jama'a suna can ƙasa, kuma gidan malamai bai cika haɗa zuriya da su ba. Wani abin lura ma shi ne, babban jarin ɗan kama shi ne kwaikwayon malami: ya yi shigarsa, ya ari muryar karatunsa, amma abin da yake karantawa bai wuce zancen tuwo da miya ba. Saboda haka tsakanin zauren malam da dandalin wasa akwai tazara mai faɗi, har ma da 'yar tsama.

Ita kanta kalmar da aka zaɓa wa wannan fanni tana ɗauke da wannan ra'ayi. A Hausa kishiyar wasa ita ce gaske, shi ya sa akan tambayi mutum ko da wasa yake ko da gaske. Abin da aka kira wasa, an riga an rage masa daraja tun daga suna. Sai dai ta wani gefen wannan ragin ya zama garkuwa, domin abin da aka faɗa cikin wasa ba a cika kai shi gaban alƙali ba. Haka ake gani a barkwancin da ke tsakanin taubasai, ko tsakanin Fulani da Barebari, inda ake faɗar magana mai zafi a wuce lafiya. Wannan garkuwa ce Aminu ya hango, kuma ita ya ɗauka.

Zamansa a Kaduna

Kadunar da Aminu ya tarar ta bambanta da Kano ta kowace fuska. Gari ne sabo da Turawa suka zana, suka mayar da shi hedikwatar Jihar Arewa a 1917 bayan sun baro Zungeru. Ba shi da badala, ba shi da fadar sarki mai tarihi, ba shi da unguwannin da kowa ya san kakan kowa. A arewacin kogin aka jera gidan Gwamna da ofisoshin gwamnati da barikokin soja, mazauna garin kuwa akawuna ne da sojoji da leburori da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na Nijeriya. Ga yaron da ya tashi a Sudawa, inda ko tafiyarsa a lungu ana lura da ita saboda an san ɗan wane ne, wannan wuri ya zama sarari. A Kaduna babu dattijon unguwar da zai kai ƙararsa gida don an gan shi ya naɗa rawanin aro yana kwaikwayon hakimi.

Ita ma kwalejin killataccen wuri ce. Ɗalibanta kaɗan ne, zaɓaɓɓu daga lardunan Arewa, da yawansu 'ya'yan sarakuna da na malamai, ana koya musu komai da Turanci, ana shirya su domin su koma su yi wa En'e da gwamnati aiki. A irin waɗannan makarantu wasan kwaikwayo wani ɓangare ne na koyon Turanci da horon tsayuwa gaban jama'a, kuma rubuce-rubucen Shakespeare su ne abin koyi. Da Hausa kuwa abin da ke hannu bai taka kara ya karya ba. Littafin da Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya ya fitar a shekarun 1930, mai suna Six Hausa Plays, shi ne aka sani, kuma yawancin abin da ke cikinsa tatsuniyoyi ne da labarai aka mayar wasa domin 'yan makaranta.

Aminu ya karɓi wannan siga ta Turawa, mai fitowa-fitowa da 'yan wasa da rubutaccen zance, amma ya zuba mata abin da Turawan ba su nufa ba. Bai koma ga Gizo da Ƙoƙi ba, bai kuma ɗauko sarakunan Ingila ba. Ya waiwayi Kano ne, ya ɗauko kasuwarta da masu karɓar harajinta ya aza a kan dandali.

Wasanninsa

Wasanni biyu ne aka fi ambata daga cikin waɗanda ya rubuta tsakanin 1938 da 1939. Na farko shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? Jigonsa shi ne yadda 'yan kasuwar birni marasa tausayi ke zaluntar mutanen karkara. Duk wanda ya san yadda baƙauye kan shigo kasuwa irin ta Kurmi da ɗan abin da ya noma, ya faɗa hannun dillali da mai awo waɗanda suka fi shi sanin farashi da iya baki, ya san cewa ba daga sama marubucin ya ɗauko labarinsa ba. Sunan wasan kansa abin nazari ne. Tambaya ce wadda ba ta neman amsa, kuma an gina ta ne da muryar macucin, ba da ta wanda aka cuta ba. Mai wannan magana bai musanta cewa ana cuta ba, abin da yake mamaki shi ne a ce wani yana ganin ya fi ƙarfin a cuce shi. Da jimla ɗaya an nuna cewa zalunci ya zama ruwan dare har ya daina ba da kunya. Ɗalibin da ya iya sarrafa harshe haka yana ɗan shekara 18 ko 19 ba ƙaramin mai kunne ba ne.

Na biyu shi ne Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya ari sunansa daga sananniyar karin magana. Wannan ya taɓo batun da ya fi na farko haɗari, wato nauyin harajin da ake ɗora wa mutanen karkara. A tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, haraji da jangali suna bi ne daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har su isa baitulmalin En'e, a raba da gwamnati. Sukar haraji ke nan suka ce ga sarauta da Turawa baki ɗaya. Ɗan kasuwa za a iya yi masa dariya a kwana lafiya, amma hakimi uban ƙasa ne, kuma a cikin 'yan kallo a kwalejin akwai 'ya'yan masu irin wannan sarauta da waɗanda ke sa ran gadonta.

Daga 1939 zuwa 1941 ya ƙara rubuta gajerun wasanni kimanin 20 domin amfanin makarantu, inda ya yi ta zambo ga wasu al'adun da yake ganin sun zama ƙarfen ƙafa, da kuma ayyukan En'e. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya fita koyon aikin koyarwa a Bauci da Zariya da Kano, abin da ya ba shi damar gwada basirarsa a kan ɗalibai na gaske. Kusan a wannan lokaci ya rubuta wata ƙasida da Turanci wadda ta kwatanta mulkin En'e da guduma a kan Kano. Idan aka jera ƙasidar da wasannin za a ga saƙonsu ɗaya ne, bambancinsu yana ga masu karɓa. Ƙasida sai wanda ya iya Turanci, su kuwa 'yan tsiraru ne ƙwarai a Arewar wancan zamani. Wasa kuwa ko wanda bai taɓa riƙe alli ba zai kalla ya gane, ya kuma kai labari gida.

Ba a buga waɗannan wasanni a littafi ba a lokacin da aka rubuta su, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Hanyar buga littafin Hausa a wancan zamani ta Hukumar Talifi ce, ita kuwa ta gwamnati ce, ba a sa ran ta buga abin da ke yi wa En'e tsiya. Shi ya sa idan ana jera rubutattun wasannin kwaikwayo na Hausa akan fara da na East, a bi da Wasan Marafa na Abubakar Tunau a shekarun 1940, sannan Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960, duka na Shu'aibu Maƙarfi. Wannan jeri daidai ne idan bugu ake ƙirgawa. Amma idan ana maganar wanda ya fara amfani da rubutaccen wasa da Hausa wajen sukar masu mulki, wajibi ne a sa sunan Aminu tun a sahun gaba.

Bauci, Landan da Maru

Ya kammala Kwalejin Kaduna a 1942, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci. A can ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa, wato Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda malami ne a makarantar, da Malam Sa'adu Zungur, malamin addini kuma mawaƙi mai kaifin harshe. Bai ajiye wasan kwaikwayo ba. Ya ci gaba da shirya shi da ɗalibansa, ya mayar da shi hanyar koyarwa, tare da harkar sikawut da sauran ayyukan bayan aji. A nan akwai abin da ya kamata malami mai koyon aiki ya kula da shi. Yaron da aka ba rawar alƙali ko ta baƙauye dole ya yi magana da ƙarfi, ya zaɓi kalmomin da suka dace da bakin wanda yake kwaikwaya, ya kuma yi tunanin dalilin da ya sa mutumin ke yin abin da yake yi. Darasin harshe ne da na tarbiyya a haɗe, kuma ba ya buƙatar kayan aikin da suka wuce tsohuwar riga da buzu da sanda. A zamanin da haddar abin da malami ya rubuta a allo ita ce karatu, wannan sabon abu ne.

A Baucin ne kuma ya zama sakataren Majalisar Taɗi, wani zaure da ake muhawara kan al'amuran yau da kullum tsakanin 'yan boko da ma'aikatan En'e da Turawa. Da muhawarar ta fara taɓa tushen mulkin En'e, sai hukuma ta rufe shi. Abin da ya wuce lafiya a bakin ɗan wasa bai wuce ba da aka faɗe shi da gaske.

A 1946 ya sami tallafin karatu zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, inda ya yi shekara guda, ya kuma yi hulɗa da 'yan jam'iyyar Leba da masu fafutukar 'yancin ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka. Bayan dawowarsa ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948, ya zama sakatarenta. A 1949 aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na wancan lokaci, kuma a watan Yuni na shekarar ya halarci babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya koma Kano, bayan an kafa NEPU ranar 8 ga Agusta na wannan shekara. A 1953 ya zama shugabanta.

Dandalin siyasa

Daga nan rubutun wasa ya ja baya, amma sana'ar ba ta bar shi ba. Jam'iyyar da ba ta da sarakuna, ba ta da baitulmali, magoya bayanta kuma akasari ba su yi boko ba, ba ta da makamin da ya wuce baki. Laccar NEPU a filin kasuwa ko a bakin tasha ta ɗauki abubuwa da yawa daga dandalin wasa: labari mai ban dariya, habaici, karin magana, aya da hadisi, da waƙoƙin mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja. An shaidi Malam Aminu da iya saukar da zance mai wuya zuwa harshen mai tura kura da mai sayar da goro. Za a iya cewa ilimin ya samo shi ne a Sudawa da Landan, amma sanin yadda ake riƙe hankalin taro, da inda za a dakata a bar dariya ta lafa, abu ne da ake koya a gaban 'yan kallo. Bambancin kawai shi ne yanzu garkuwar wasa ta faɗi. 'Yan NEPU da dama sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda maganganun da ba su fi na wasannin Kaduna zafi ba.

A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa ya hana ta kujera. A 1954 ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta Tarayya, ya sha kaye a hannun Alhaji Yusufu Maitama Sule. Wani abin sha'awa shi ne, shi ma Maitama tsohon ɗalibin Kwalejin Kaduna ne, malamin makaranta, kuma jagoran ƙungiyar wasan kwaikwayo a Kano. Wato malamai biyu da suka ratsa ta dandali ne suka kara. Malam Aminu bai taɓa zama ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke zama a zauren Lugga a Kaduna ba. Sai a 1959 ya ci zaɓe zuwa majalisar tarayya a Ikko. A mulkin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967 zuwa 1971, sannan na lafiya zuwa 1974. A 1978 ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a jihohin Kano da Kaduna, ƙarƙashin Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa.

Duk da hidimar siyasa bai saki alƙalami ba. Ya wallafa Motsi Ya Fi Zama, labarin tafiyarsa zuwa Turai, da tarihin rayuwar Malam Sa'adu Zungur, da kuma Hikayoyin Kaifafa Zukata.

A tsawon waɗannan shekaru garin da ya fara wasa a cikinsa ya zama cibiyar wasan kwaikwayon Hausa. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi ta rediyo aka fara jin su daga Kaduna kafin su zama littafi. A 1962 aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a arewacin kogin, inda 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero suka yi suna. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Ba za a ce duk wannan daga Malam Aminu ya tsiro ba, domin kowanne yana da nasa tushen, kuma yawancin wasannin gidajen gwamnati sun fi karkata ga gyaran hali da wayar da kai fiye da sukar masu mulki. Tsamar da ke tsakanin zaure da dandali ma ba ta gushe ba, kamar yadda aka gani a muhawarar da ta biyo bayan fitowar finafinan bidiyo na Hausa daga 1990.

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, watanni kaɗan kafin babban zaɓen shekarar, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja a Kano, wanda ake kira Gidan Mambayya, kuma Jami'ar Bayero ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. An sa wa filin jirgin saman Kano sunansa, haka ma asibitin koyarwa da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci da ke birnin. Wasannin da ya rubuta a Kaduna kuwa, sunayensu da jigoginsu ne suka fi yawo a littattafan manazarta.